Zumar da Kiyashi Ya Ƙi

Zuwa ga aminina Tela,

Matar ɗana Injiniya ta sauka, an sami mace, kuma ga hancina nan zaune daram a fuskarta. Ka yi haƙuri, albishir ya riga gaisuwa fita. Ina gaishe ka da iyalinka. Yaya ciwon bayan nan? Da fatan ya sassauta, keken ɗinki kuma bai kwanta ba.

Yau kwana uku ke nan da na zama kaka, amma ba murna ce kaɗai ta sa na rubuto maka ba. Raina a ɓace yake.

Ka tuna farar zumar da na cire daga amyar da ke gindin mangwaro, wadda na hana ka ko lasa? Wata bakwai tana cikin babbar kwalba a saman kabad, na ce ta mai jego ce. Ranar da aka sallamo su daga asibiti na ba Injiniya ya kai mata. Ashe a kicin ya tsaya da ita. Wai ya gani a waya ana ɗiga wa zuma man ƙamshi, ta ƙara daɗi, ta ƙara lafiya. Ya sayo wasu ƙananan kwalabe biyu da ba su fi ɗan yatsa ba, ɗaya na na'a-na'a, ɗaya na kanumfari. A wayar ɗigo ɗaya aka ce. Shi kuma mai digiri ya yi lissafinsa, ya ga zumar da yawa, ya tuttula rabin kowace.

Jiya da hantsi na je ganin amaryata, jikar tawa. Tun daga bakin ƙofa na ji gidan yana tashi kamar shagon mai aski. Na tarar da surukata a bakin gado, ta dafe maƙogwaro, idanunta na zubar da ruwa. Cokali biyu ta sha cikin ruwan ɗumi. An ce mata zumar Baba ce, kunya ta hana ta cewa tana ƙona mata baki. Wannan ne ya fi ci mini rai, Tela. Da sunana aka ba ta.

Na ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan kwalaben, na sa tabarau, na ɗora yatsa ƙarƙashin baƙaƙen kamar yadda Malama ta koya mana a ajin yamma. Rubutun ƙanana ne, sai da na matsa jikin taga. Layi biyu ne kacal: man na ƙamsasa ɗaki ne da haɗa sabulu, ba a sha, a nisanta shi daga yara. Wannan yaron ne fa yake dariya duk sanda ya ga ni da kai mun rataya jakar littattafai da furfurarmu, yana tambaya wane ofis za a ɗauke mu aiki. Na ce masa shekara goma sha shida yana zaune a aji, ya kasa juya kwalba ya duba bayanta.

Mun koma asibiti. Nas ta duba ta, ta ce da sauƙi, amma kada ta shayar sai an ga yadda ta wayi gari. Jaririya na kuka, uwar na kuka, shi kuma yana tsaye yana cewa ai abin daga ganye aka tatso shi. Na ce guba ma daga ganye ake tatso ta. Na hana shi taka lambuna, na ce ya riƙe gaisuwarsa har sai na ga yarinyar nan ta kama nono.

Ka taya mu da addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Mai Zuma


Zuwa ga aminina Tela,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonka, na gode da ban haƙuri. Surukata ta warware, muryarta ta dawo, amaryata kuma tana tsotso kamar wadda aka biya ta. Alhamdu lillahi.

Ka ce in sassauta, ɗa ɗa ne. Ai da ya yi shiru da tuni na sassauta. Shekaranjiya ya zo har ƙofar lambu wai kada a zubar da sauran zumar, manya za su iya sha. Na ɗauko faranti biyu. Na zuba tasa a faranti ɗaya, na zuba tawa ta sayarwa a wani, na ajiye su gefe da gefe a bayan kicin inda kiyashi ke yin layi. Kafin ruwan shayi ya tafasa, farantina ya yi baƙi ƙirin. Nasa kuwa, sai su zo bakinsa su tsaya, su yi kwana. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Na ce masa ga waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, sun fi mu duka karatu.

Daga nan ya tafi wurin mai kemis da kansa. Ya dawo yana gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa akwai man da aka yi don ci, da rubutu a jikinsa, shi ma da bakin tsinken sakace ake taɓa shi, kuma ba a ba mai shayarwa sai an tambayi likita, jariri kuwa ko zumar zalla ba a ba shi sai ya shekara. Na ce sannu da zuwa. Na zaunar da shi ya fere ɓawon lemo, ya yanka ɗanyar citta, muka zuba cikin sabuwar kwalba muka rufe da zuma don ta ɗauki ƙamshinsu. Ya tambaye ni minti nawa. Na ce mako uku. Ka ga fuskarsa kuwa?

Ban gama hucewa ba. Farar zumar nan ba ta dawowa, kuma amyar ba za ta sake ba ni irinta ba sai baɗi. Amma na amsa gaisuwarsa da safe.

Ka rufe shago ranar Asabar. Ka zo da uwargida, ka biya ka ɗauko Direba da Mai Walda da duk wanda ya rage a bencinmu na ajin yamma, in Malama na da ƙarfi a zo da ita. Ku zo ku ga hancina a fuskar da ta fi tawa kyau. Sannan ku zaga bayan kicin, farantin yana nan, na hana a wanke.

Naka har kullum,
Mai Zuma