Surukina Ya Ɗaura Wa Daji Labulena

Inna Kulyash, don girman Allah ki taimake ni, ki ba ni amsa kafin Juma'a ta sama. In ba haka ba, ban san abin da bakina zai faɗa a gaban dattawan ƙauyenmu ba.

A tsaunukan Altai muke. Bayan gidanmu dajin kedir ne, dogayen itatuwan nan da muke tsintar 'ya'yansu da kaka, kuma can surukina yake kiwon zuma tun kafin a haifi mijina. Ata nake ce masa, kin san suruka ba ta kama suna. Bara wani kamfanin katako ya zo da izini, wai itatuwan da suka kamu da cuta kaɗai zai sare. Inna, ban taɓa ganin cuta mai zaɓe irin wannan ba. Sai itace ya yi kauri ya miƙe sambal take kama shi. Karkatattu da ƙanana kuwa lafiyarsu ƙalau. Masu riƙe da zarton samarin ƙauyen nan ne, har da ɗan ƙanwar Ata, don babu wani aiki a nan.

Wata rana Ata ya ga sun iso tsohon itacen bakin marmaro, wanda mata suke ɗaura wa farin ƙyalle tun kaka da kakanni, sai suka kashe inji suka kewaye shi ba su taɓa shi ba. Ya dawo gida. Ya sha shayinsa, ya naɗe zanen teburin da ya sha shayin a kai, ya ɗauki almakashi ya fita, ya yayyanka zanen ya bi itatuwan dajin yana ɗaura musu.

Daga zanen tebur aka koma zanen gado, daga nan labule, har mayafin da aka kawo ni gidan nan da shi. Yanzu in na shanya wanki sai na zauna gadi da sanda. Ran da na tashi duba tukunya, na dawo na tarar dogayen wandunan cikin mijina Darhan sun yi ɓatan dabo. Da na yi ƙorafi, Ata ya ce, 'yar nan, ƙafafun mijinki za su ɗumama da bazara, itace kuwa in ya faɗi ya faɗi ke nan.

Kuma abin ya ci. Samari suka ce ko yanka su za a yi, ba za su sa zarto a itace mai ƙyalle ba. Manajan kamfanin ya yi zagi, ya yi lallashi, ya tattara motocinsa ya tafi. Muka yanka tunkiya don murna.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Labari ya bazu wai waliyyi aka binne a dajin, kafin kaka ya zama waliyyai arba'in. Motoci suka fara zuwa cike da masu neman haihuwa da masu jarrabawa, har da wani tsoho da dokinsa ya ɓata. Da idona na ga wata hamshaƙiya da zobban zinariya tana kuka tana shafa guntun wandon Darhan a fuskarta. Na gane shi sarai, ni na yi masa faci. Masu ziyara suna barin soyayyen burodi a gindin itatuwa, beyar ɗin dajin, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, ya ci ya yi ƙiba, ya ƙi shiga kogo barcin hunturu, yana zaune bakin hanya yana jiran mota. Manyan bareyinmu kuwa hayaniya ta kore su bayan tsauni. Bana ban ji kukansu na kaka ba, kuma wallahi wannan ya fi labulen yi mini ciwo.

To yanzu wani attajiri daga birni ya ce zai yi wa waliyyan hidima: hanyar kwalta, masauki mai benaye, filin ajiye motoci, har da wurin wankan ɗumi. Rabin dajin zai share kafin ya gama hidimar. Ata kansa ya fara rikicewa, shekaranjiya na ji yana cewa wa ya sani, wataƙila akwai waliyyin ma. Limaminmu kuma ya ce wannan shirka ce, kuma ya gane furannin bakin zanen teburina, don ya sha cin abinci a kai. Ya kira taro ranar Juma'a, ni za a tambaya, tunda an san ba na ƙarya.

In na faɗi gaskiya attajiri zai gudu, masu zarto su dawo, ga shi na kunyata tsohon da ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa. In na yi shiru kwalta za ta cinye dajin. Na tambayi Darhan, ya ce duk abin da na ga ya dace, shi dai a mayar masa da wandonsa. Inna, ba na barci. Dajin nan nake so ya tsira, yaya zan yi?

Suruka marar labule

'Yata,

Na yi dariya har tabarauna ya faɗi, sannan na ji tausayinki. Share hawayenki mu yi magana.

Liman yana da gaskiya: bai halatta a bar bayin Allah suna kai kukansu ga wando ba. Ata ma yana da gaskiya: dajin da ya shekara ɗaruruwa yana girma bai kamata ya tafi a bayan mota ba. Kuskurensa ɗaya, ya ɗauka ƙyalle shinge ne, alhali lokaci kawai ya saya muku. Lokacin ya ƙare.

Kada ki yi ƙarya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma kuma ba bakinki ya kamata maganar ta fito ba. Ki dafa wa Ata shayi mai kauri, ki zauna a gefensa, ki gaya masa cikin ladabi cewa in ya miƙe da kansa ranar Juma'a ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa, dattijo ne da ya tsare daji. In kuwa aka jawo maganar daga bakin surukarsa, ɓarawon shanya ne. Zai gane.

Kafin nan, tunda Darhan ya ce duk abin da kika ga ya dace, ga abin da ya dace: ya hau dajin ya ɗauki hoton kututturan da aka sare. Izinin na itace marar lafiya ne, kututture kuwa ba ya ɓoye lafiyarsa. A kai hotunan ofishin gandun daji na lardi, ku nemi a soke izinin, a sa dajin cikin waɗanda doka ta hana taɓawa. Masu ziyara wasu za su yi fushi, amma da yawa sun zauna a inuwar nan sun ji sanyi a ransu, za su tsaya muku. A daina ajiye burodi tun yau, beyar da ya saba da hannun mutum ƙarshensa harsashi ne.

Game da tsoronki na dawowar zarto, ki duba su wane ne suke riƙe da shi. Samarin nan a dajin suka yi wayo, 'ya'yan kedir ɗinsa suka ci suka girma. Kina jin ɗan ƙanwar Ata bai san zanen teburin gidan kawunsa ba? Ya sani, 'yata, dukansu sun sani. Neman dalilin ajiye zarton suke yi ba tare da sun ji kunyar manaja ba, Ata ya miƙa musu. A taron, ki roƙi dattawa su tambaye su a fili, ba ƙyalle ba waliyyi, ko za su sare dajin iyayensu. Ina jin amsar za ta ba ki mamaki.

Allah ya ba Ata ƙarfin miƙewa, ya ba ki ladan haƙurinki, ya bar muku dajinku a tsaye har jikokinku su tsinci 'ya'yansa.

Taki,
Inna Kulyash