Muryar Wani a Bakina

Zuwa ga aminina Mai Fitila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni yadda aka ƙare ranar da aka nuna sabon fim ɗinmu. Wallahi yau kwana huɗu ke nan, abinci ma ba ya shiga.

Ka san tun da aka yi mini aikin maƙogwaro muryata ta dushe. Ban ɓoye wa darektan fim ɗin ba. Shi da ƙafarsa ya zo har ɗakina ya durƙusa, Baba kaza Baba kaza, wai irin wannan muryar yake nema, don a tsohon alƙali zan fito. Mako uku ina kurɓar ruwan ɗumi ina haddace takardu, ina tsayuwa gaban kyamara har gumi ya jiƙa mini riga.

Ranar na sa sababbin kaya, na ɗauki 'yata da mijinta, aka zaunar da mu a layin gaba. Aka kashe wuta. Ga ni a allo, na buɗe baki, sai muryar wani ƙato ta fito! Sumul, kamar mai karanta labarai. Ashe sun cire tawa sun ɗora ta wani, kuma ba wanda ya ga na isa a gaya mini. 'Yata ta damƙe hannuna, ta kasa kallona.

Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a, aminina! Kai ke riƙe da fitilun dandali ranar da lasifika ta mutu, na isar da magana ko'ina da bakina. Yau ni za a mayar 'yar tsana mai motsa leɓe?

Da aka gama, darektan ya kira ni kan dandamali a tafa mini. Ya raɗa mini cewa in yi haƙuri, masu kallo ne ba za su jure ba. Ya miƙo makirfo, na ƙi karɓa. Na fuskanci jama'a, na soma karanto hukuncin da alƙalin nan ya yanke a fim ɗin tun daga farko, da muryata mai kama da zarto. A tsakiya tari ya sarƙe ni, na zaci shi ke nan, na kunyata. Sai wata mata ta ce, "Muna ji, Baba, ci gaba." Na ci gaba har na dire.

Washegari na aika masa cewa ko su mayar da muryata, ko su goge sunana daga fim ɗin. Da safen nan amsa ta zo. Sun goge sunan.

Likita ya hana ni magana har mako biyu. Duk da haka ka zo ranar Asabar, kai ka yi zagin, ni in gyaɗa kai.

Ka gaida mutan gida.

Naka har kullum,
Dogo