Baƙon Malam da Aka Kora

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da maigida da yara. Ya ciwon ƙafar? Mu nan Ƙaura sai godiya.

Shekaranjiya Bafillacen nan na Jangeru, mai kwana a zaurenmu in ya kawo shanu kasuwa, ya yi sallama yana neman Malam. Bai ji rasuwar ba. Ni ina takaba, ba halin fita, sai ta bayan katanga nake saurare. Maƙwabta suka taru a kansa, a bakinsu ya ji. Wani ya ce, "Ba mu san ka ba. Yanzu ba a sauke baƙo a unguwar nan."

Ya ce, "Ku bari in yi wa iyalinsa gaisuwa."

Suka hana. Ko ruwa bai sha ba, Yaya, a ƙofar Malam.

Na san tsoro ne ya kawo haka. Amma shi kaɗai ne ya zo yana kiran sunan Malam kamar zai amsa. Ya ajiye ƙwaryar man shanu a bakin zaure ya tafi, har yau na kasa buɗe ta.

Ki sa mu a addu'a, har da shi, Allah ya kai shi gida lafiya. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Rabi