Kwana Goma Tsakanin Rufe Rajista da Fita Takaba

Malam Sha'ibu Barau,
Malamin Yaƙi da Jahilci,
Ruwan Godiya.
20 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Agajin Fari,
Faskari.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA SUWAIBATU, MATAR MARIGAYI MALAM HARISU, KUƊIN AGAJIN FARI

Bayan gaisuwa da ladabi, ina rubuto wannan takarda a madadin Suwaibatu, matar ƙanena Malam Harisu, wanda Allah ya yi wa rasuwa ran 2 ga Fabrairu. Ya bar ta da marayu huɗu da gonar da farin bara ya ƙone ƙurmus.

1. Ma'aikatanku sun ga gonar da idonsu, sun sa sunan marigayin a rajistar agaji. Da na kai rasidin harajinsa ran 6 ga Mayu, aka ce matacce ba ya dangwale. Gaskiya ne. Aka mayar da sunan zuwa na matarsa, muka yi godiya.

2. Ran 9 ga wata na koma, akawu ya ce sai ta zo da ƙafarta ta dangwala yatsa. Yallaɓai, matar nan takaba take yi. Liman ya ce ta iya fita da rana in da lalura, amma ba ta kwana ko'ina sai ɗakinta. Layin da ke ƙofar ofishinku kuwa, maza majiya ƙarfi kwana biyu suke yi a kai. To, ta yaya?

3. Ran 14 na kai takardar Liman da ta Maigari. Ko buɗe su ba a yi ba. Zuwa uku ke nan a kan keke, har tayar baya ta fashe.

4. A gindin bishiyar ofishin wani ya ba ni shawara in ɗauko kowace mace in lulluɓe ta, ta dangwala a madadinta, wai wa zai duba. Na ji kunyar rubuta wannan, amma na kai wa Suwaibatu maganar. Ta ƙi. Ba za ta ci da 'ya'yan Harisu da yatsan ƙarya ba. Wallahi ta fi ni.

5. Za a rufe rajista ran 31 ga Mayu. Takabarta tana ƙarewa ran 10 ga Yuni. Kwana goma kacal!

Ranka ya daɗe, rumbunta ba komai. Abin da ya rage shi ne damin dawa ɗaya da marigayin ya zaɓa da hannunsa, ya rataye don iri. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta dubi damin, ta dubi yaran, ta leƙa gabas ko hadari ya haɗo. In aka ci irin, bana ba shuka, baɗi ba gona. Ni ma na kasa zama.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a ƙara mata kwana goman nan, ko a turo akawu da tawada ya tsaya a zaure, ta miƙo hannu ta bayan asabari, Liman ya shaida. Akawun kuwa zan goyo shi a kan kekena in mayar da shi.

A taimaka a hanzarta. Shekaranjiya an yi ruwan farko, maƙwabta sun fita shuka. Jiya kuwa na ji ƙarar turmi daga ɗakinta, ban iya tambayar me take dakawa ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Sha'ibu Barau