Kwamfutar Kawu da Sarin Gulafsha

Madanpura, Banaras
Ƙarshen damina

Zuwa ga Kawuna Ishtiyaq,

Assalamu alaikum warahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mami Sabiha da yara. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar, ya sa sanyin Toronto na bana ya zo muku da dama. Mu ma nan alhamdulillahi. An sha ruwa sosai bana, kogi ya hau har ya shanye matakalai, lungunmu kuwa sai mutum ya naɗe wando kafin ya kai masallaci. Abba yana nan da ƙarfinsa, sai dai idon. Likita ya ce na hagun ya tafi, na daman kuma ana lallaɓa shi da magani. Yaya Aftab da iyalinsa lafiya. Ƙanwarmu Gulafsha an tsayar da bikinta cikin Disamba, da malamin makarantar nan na Mau da ta daɗe tana ba mu labarinsa. Na zaɓi in rubuto maka ne domin waya ba ta yi mana, ni ina ɗaga murya har maƙwabta su ji, kai kana tambayata me na ce. Ga shi kuma maganar da zan yi ta kwamfutarka ce, irin wadda ke son a bi ta daki-daki.

Ka san Gulafsha ba mai yawan roƙo ba ce, amma abu ɗaya ta nema na bikinta: Abba ya saƙa mata sari, wato zanen da za ta naɗa ranar, da hannunsa, da zanen furen yasmin ɗin nan mai hawa da mahaifiyarmu Ammi Nafisa, Allah ya jiƙanta, ta zana a kwamfutar da ka kawo mana. Abba sai ya aika a sauko da kwalayen zanen, masu hujojin nan da masaƙa ke bi, daga ɗakin sama. Ashe rufin yana yoyo ba mu sani ba. Kwalayen sun jiƙe sun manne da juna, hujojinsu sun toshe, in ka ɗaga ɗaya sai ya rabe a hannunka kamar gurasar da ta kwana a ruwa. Sarin wannan zane kuwa ko ɗaya ba mu ajiye a gida ba, duk wanda aka saƙa ya tafi hannun mai saye. Abin da ya rage kawai shi ne abin da ke cikin kwamfutar, ita kuma tun rasuwar Ammi ban cika kunna ta ba, domin yanzu shaguna ne ke huda wa kowa kwali.

Da na kunna ta sai faifan cikinta ya dinga wani ƙas-ƙas, ya tashi ya tsaya, ya tashi ya tsaya. Na kashe ta nan take na kira Dubey, mai gyaran da ke bayan kasuwar Dalmandi, wanda ba ka sani ba domin bayan tafiyarka ya buɗe shago. Mutum ne mai haƙuri da son tsofaffin injina. Da ya buɗe murfin ya ga katin PC ɗin da ka saka a ciki, sai ya tsaya yana kallonsa yana murmushi, ya ce rabonsa da ganin kwamfuta mai ɗauke da cikin wata kwamfuta tun yana koyon aiki. Ya lallaɓa ya kwashe duk abin da ke tsohon faifan ya zuba a ɗan katin ajiya irin na kyamara, ya haɗa shi a madadin faifan. Uwar kwamfutar ta tashi lafiya lau, har ta fi da sauri. Amma da na buɗe tagar ɓangaren PC, wanda shi ne ke tuƙa injin huda kwali, sai baƙin allo da layi ɗaya, wai ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba.

Na tuna abin da Ammi ta koya mini, cewa katin PC ba shi da faifan kansa, wani babban fayil ne a cikin uwar kwamfutar yake ɗauka a matsayin faifai, wanda take kira faifan ƙarya. Na nuna wa Dubey fayil ɗin, yana nan da girmansa, bai ragu ba. Muka fara da batir ɗin da ke jikin katin, wanda ya daɗe da mutuwa har ya fara fitar da farin gishiri. Dubey ya cire shi, ya goge wurin, ya sa sabo, muka gyara kwanan wata da sauran saitin da katin ya manta. Muka sake kunnawa, layin nan dai bai canza ba.

A nan ne haƙurin Yaya Aftab ya ƙare. Ya ce an riga an sayi alharini, an rina, an ja zare a masaƙa, amma ga mutane sun tsugunna suna jinyar akwatin da ya girmi Gulafsha kanta. Shawararsa a kai hoton wani biki da aka sa sarin a ciki wurin masu zane na zamani, su kwaikwaya cikin kwana biyu. Abba, wanda tun farko yake zaune a bakin ƙofa kamar abin bai shafe shi ba, ya ce hoto ba ya ƙirga zare, kuma abin da za a kwaikwayo ɗin na mai shago zai zama, ba na Nafisa ba. Yaya ya ce to in Disamba ta zo ba sari, sai a naɗa wa amarya waya da batir. Gulafsha ta tashi ta shige ciki. Ban ga laifin Yaya sosai ba, shi ne ke fuskantar dangin ango, kuma saƙa irin wannan a hannun mai ido ɗaya ba aikin mako biyu ba ce.

Dubey ya kawo tasa shawarar, a ƙirƙiri sabon faifan ƙarya a sake zuba masa manhaja, wataƙila katin ya gane shi. Har ya rubuta umarnin, saura ya danna, na tambaye shi in sunan ya zo ɗaya da na tsohon me zai faru. Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce zai hau kansa ya shafe shi. Na ce a'a, ba za a taɓa komai ba sai an ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a shagonsa, ɗaya a akwatin kayana. Ya yi dariya ya ce mini, "Baji, Yayata, ke da likita kika zama, da majinyaci ya tsufa a kan gado kafin ki yarda a yi masa allura." Amma ya yi yadda na ce, kuma daga baya shi da bakinsa ya ce gara da aka yi hakan. Rigakafi dai ya fi magani.

Washegari muka zauna muka bi fayilolin ɓangaren PC ɗaya bayan ɗaya, ni ina karantowa shi yana fassara mini aikin kowanne. A cikinsu muka sami wani ɗan ƙarami, layi ɗaya tak a cikinsa, wanda ke gaya wa katin inda zai je ya sami faifan ƙaryar. Layin ya fara ne da sunan tsohon faifai. Kawu, ashe Nafisa ka sa masa. Ni duk shekarun nan ban lura ba, domin ɗan hoton da nake dannawa a allo kawai na sani. Dubey kuwa da ya shirya sabon katin ajiya sai ya bar shi da sunan da injin ya ba shi. Ke nan katin PC yana ta neman Nafisa bai same ta ba. Muka mayar da sunan. Sai layin kukan ya ɓace, amma allon ya tsaya cik, ba gaba ba baya. Sai Dubey ya amsa laifinsa, ya ce lokacin da yake kwashe kaya ya cire wasu layuka daga jerin abin da kwamfutar ke kunnawa in ta tashi, don ta yi sauri, yana zaton tarkace ne. Ɗaya daga cikinsu ashe shi ne ɗan aiken da ke kai saƙo tsakanin ɓangarorin biyu. Muka ɗauko shi daga kwafin da muka ajiye muka mayar. Da muka kunna, harafin C ya fito yana ƙyafta ido, alamar ɓangaren PC ya tashi.

Murnarmu ba ta yi nisa ba. Manhajar huda kwali ta buɗe, amma ta ce babu faifan D, inda zane-zanen suke. Wannan shi ne faifan ƙarya na biyu, wanda ba ya haɗuwa da kansa, sai an ɗaura shi da umarni. Na tuna Ammi takan buga wani ɗan gajeren abu kafin ta fara aiki, ni kuma daga baya ta yi mini shi a harafi ɗaya don sauƙi, wannan harafin ne ya ƙi aiki yanzu. Muka buɗe shi muka ga shi ma wata tsohuwar hanya yake bi, muka gyara. Sai kuma ya ce fayil ɗin a buɗe yake a wani wuri, alhali ba wanda ya buɗe shi. Dubey ya ce mai yiwuwa wuta ce ta ɗauke ranar ƙarshe da aka yi aiki da shi, ba a rufe shi yadda ya kamata ba. Muka ɗauko kwafi muka sa masa sabon suna, muka ɗaura shi don karatu kawai. Jerin zanen ya sauko, yasmin ɗin yana ciki, gefe da jiki da bakin sari, babu abin da ya ɓace.

An huda kwalayen, Yaya Aftab da kansa ya ɗinke su jere ya ɗora a kan masaƙa, bai sake maganar shago ba. Abba ya shiga ramin masaƙa ya ɗauki ƙoshiya. Yana yi a hankali, ni nake ɗaura masa zare in ya tsinke, shi kuma yana shafa saƙar da yatsu maimakon dubawa. Yanzu an kai kamu uku, furen yana fitowa daidai. In Allah ya yarda za a gama kafin lokaci.

Tambayata gare ka guda biyu ce. Faifan D har yanzu karatu kawai yake yarda, in na ɗaura shi don rubutu sai ya yi gardama. Shin akwai abin da kake yi masa a da, ko in bar shi haka tun da abin da muke so ya fito? Na biyu, ko ƙananan faya-fayan da katin ya zo da su suna wurinka? Dubey yana so ya ajiye kwafinsu saboda gaba.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na zauna rubutu. Na san tun rasuwar Ammi, da takardunka suka hana ka zuwa jana'iza, kai da Abba ba ku sake jin muryar juna ba, kuma mu yara ba mu isa mu shiga tsakani ba. Ranar da aka gama gyaran, muna shan shayi, Abba ya tambaye ni wai me ya hana akwatin tashi tun farko. Na gaya masa gaskiya, suna yake nema, kuma na faɗa masa sunan. Ya tambayi wa ya sa. Na ce Kawu. Ya ajiye kofinsa ya tashi. Bayan kwana biyu ina ɗaura masa zare, ba tare da ya juyo ba ya ce zaren da aka ja zai isa sari biyu, in tambayi Sabiha launin da take so a bakin nata. Na ce to, in an gama sai mu aika ta hannun masu kai kaya. Ya ce shi bai taɓa sa saƙarsa a hannun ɗan aike ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Ga yadda ya faɗa, ban ƙara ban rage ba: "Wanda yake so ya zo ya karɓa. A gyara musu ɗakin sama, amma a fara toshe yoyon."

An toshe yoyon jiya, Kawu. Biki sha huɗu ga Disamba ne.

Ka gaishe mini da Mami Sabiha da kyau, ka ce ina jiran launi kada rini ya makara. A gaida Zeeshan da matarsa da jaririyar, a gaida Mahvish, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Yaya Aftab da Anti Rubina suna gaishe ku, Gulafsha ta ce in gaya maka ba ta yafe ba in ba ka zo ba. Allah ya jiƙan Ammi, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

'Yarka,
Rehnuma