Wa Zai Buga Tambulan a Bikin Sidsel?

Esbjerg, 9 ga Afrilu

Baba,

Da wane hannu 'yarka Sidsel take rubutu? Kar ka yi canke. Bahaguwa ce. Na san ba haka ake fara wasiƙa ba, to bari in gyara: ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya gwiwar da na ga kana ja ranar Talata? Mama lafiya, Sidsel lafiya, ni ma ga ni nan, ina ta sauke kaya a tashar jiragen ruwa.

Gunhild, matar nan mai sasanta iyalai da ta zaunar da ni da kai ranar Talatar, ita ta ce in rubuto maka, wai bakina ya fi ƙwaƙwalwata gudu. Ba ta yi ƙarya ba. Shekara tara rabona da zama ɗaki ɗaya da kai, don haka na shigo da maganata a wase. Na tuna maka Juma'ar da ka zo ɗaukarmu na ƙi shiga motarka, bayan kun rabu da Mama, ina ɗan shekara goma sha biyu. Ka sauke gilashi ka ce, “To, zaɓinka ne, Troels,” ka ja mota. Juma'ar da ta biyo ma haka. Daga nan ka daina zuwa, wai kana mutunta ra'ayinmu. Ra'ayin yaron da ko safarsa bai iya wankewa ba! Sidsel kuwa shekararta biyar, ba wanda ya ma tambaye ta.

Abin da ban shirya masa ba shi ne dokar ɗakin, cewa mutum ba zai ba da amsa ba sai ya maimaita abin da ya ji. Na zaci za ka rage, ka shafa wa maganar mai. Sai ka dafa gwiwa ka ce, “Na ji ka ce ni matsoraci ne. Na ji ka ce ko kare yakan koma neman 'ya'yansa.” Ba ka tsallake ko ɗaya ba. Duk littattafan da na kwaso a laburare game da yara irinmu, babu wanda ya gaya mini yadda zagina zai yi muni da muryarka. Da Gunhild ta ce yanzu ka amsa, sai ka jawo fulas ka tambaye ni ko na fara shan kofi. Shi ya sa na fita ban yi sallama ba. Ba fushi ba ne a wannan karon.

Maganar kare na janye ta, na yi nadamarta. Ta matsoraci tana nan tukuna.

Ka gaida gwiwar,
Troels

Esbjerg, 27 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa kuma. Da fatan sanyin safiyar nan bai tayar maka da ciwon ba. Mu duk ƙalau, sai Mama da ke faɗa da masu dafa abincin bikin Sidsel a kan miyar nama.

Na ga amsarka. Ka ce ranar bikin tabbatar da bangaskiyar Sidsel a coci za ka zo ka zauna a bencin baya, ka sulale kafin walima, “sai dai in ita take so in tsaya.” Na karanta mata tana gwajin farar rigarta, Mama na durƙushe da allura a baki. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, “In yana so ya zo, ni ina ruwana.” Can da Mama ta fita, Sidsel ta ce, “Kai, babban banza, ya yi furfura?” Na ce ya yi, kuma hancin nan naki mai kama da dankali nasa ne. Ta jefe ni da takalmi.

Ka gani ko? Kai kana jira ta so, ita tana jira ka so. Haka ni da kai muka yi ta jira har na yi gemu ba ka koya mini aske shi ba. Waɗannan shekarun sun tafi, Gunhild ba za ta dawo mana da su ba, ni ma na daina roƙo. Amma na Sidsel ba su ƙare ba.

Ka san bayan an ci nama uba ne ke buga tambulan da cokali, ya miƙe ya yi wa 'yarsa jawabi. Kawu Preben ya ce zai yi a madadinka, har ya fara haɗa barkwancinsa na kamun kifi. In ya miƙe, kowa zai yi dariya, ita ma za ta yi, sannan ta shige banɗaki ta kulle. Na san ta.

Na yi magana da Mama. Ta ce, “Ya zo, amma a kai shi can ƙarshen tebur, kusa da taga.” An sa maka kujera. Ban tambayi Sidsel ba, kuma ba zan tambaye ta ba, don ba aikin yarinya ba ne ta gayyaci ubanta.

Kar ka sake amsa mini a takarda, kar ka bi ta wurin Gunhild. Ranar Lahadi, a wurin walimar, ka buga tambulan ɗin, ka tsaya a kan gwiwar nan taka a gaban Mama da dangi duka, ka dubi Sidsel ka gaya mata: me ya hana ka kashe mota ka fito?

Ɗanka,
Troels