Doki Biyun Baba

Litinin, 3 ga Yuni
Baba ya kafe, wai shi zai kai 'yata Noémie coci ran aurenta a tsohuwar motarsa, wadda ake kira Doki Biyu. Mai rufin tamfol, mai tafiya kamar agwagwa. Dangin ango kuwa likitoci ne daga birnin Lyon. 'Yata guda ɗaya tak, ba za a yi mana dariya ba. Na riga na yi hayar baƙar mota, ban faɗa masa ba.

Laraba, 5 ga Yuni
Surukan sun zo gaisuwa. Ya tsare su a tsakar gida da labarin nan nasa: wai don manoma aka ƙera motar, ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa ɗauke da kwandon ƙwai, ko ɗaya bai fashe ba. "A cikinta na ɗauko uwar Nadine daga gidansu," in ji shi, yana nuna ni. Uwar ango ta yi ta murmushi. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Asabar, 8 ga Yuni
Da rana na kunna fitilun Doki Biyu, na rufe rumfar da ake ajiye ta na fito. Batir zai mutu, in ce ai tsufa ne. Ba wanda zai ji ciwo.

Lahadi, 9 ga Yuni
Na manta ana iya tayar da ita da hannu. Na manta, ni da na girma a cikinta.
Da ta ƙi tashi sai ya ɗauko ƙarfen murɗa inji. Shekararsa tamanin da ɗaya. Ƙarfen ya dawo ya doke shi, wuyan hannu ya karye.

Litinin, 10 ga Yuni
A asibiti ya ce, "Ni ne na bar fitilu, Nadine. Kaina ya fara ruɗewa, ko?" A tsorace ya faɗa. Noémie ta ce, "Haba Kaka, kai da ka san sunan kowace kazarka?"
Na bar shi da zatonsa. Kunyar kaina nake ji har cikin ƙashi.

Laraba, 12 ga Yuni
Ya miƙo min makullin motar, wai a sayar da ita, tunda ya zama mai mantuwa.
Na faɗa masa ni ce na kunna fitilun. Ya daɗe yana kallon tagar kicin. Can ya ce, "Na gode wa Allah... to, kaina lafiya ke nan." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Asabar, 15 ga Yuni
Ran aure. Ni na tuƙa Doki Biyu. Mun naɗe tamfol, amarya a baya, Baba a gefena da hannunsa a ɗaure, yana ta yi min gyara: "Jawo giyar motar a hankali, ba guga kike ja daga rijiya ba." A kwanar gidan burodi ta karkata kamar za ta kwanta, Noémie tana ta ƙyalƙyala dariya. Ban duba fuskar uwar ango ba. Mantawa na yi.

Talata, 18 ga Yuni
Na kai masa ƙwai kasuwa da ita, don dai hannunsa bai warke ba. Ta gonar maƙwabcinmu Firmin na yanke, ta fi kusa.
Ko ɗaya bai fashe ba. Sau biyu na ƙirga.